Kwalbar da Ba Ta Taɓa Ƙarewa Ba

Litinin, 3 ga wata, 4:10 na yamma

Casa'in da ɗaya.

Na rubuta ne don in gan shi a takarda, ko zai rage girma. Bai rage ba. Kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari, alhali ban sa ƙarfe ko ƙwaya ɗaya a kwalbar gwajin ba.

Bari in bi abin daki-daki, tunda ba wanda zan iya faɗa wa. Saura kwana ashirin da biyar in kare kundin digirina na uku. Shekara huɗu ina kan abu ɗaya. Akwai wani haɗi da masu yin magani ke yi, na ɗaure zoben sinadari biyu su zama ɗaya, kuma ba ya tafiya sai an sa faladiyam, ƙarfe mai tsadar tsiya. Ni kuma na ce na samo hanyar yin sa da baƙin ƙarfe, wannan dai da ke tsatsa a bayan kowane gida. Ana jiƙa alumina da ruwan gishirin ƙarfen, a busar, a gasa a tanda, shi ke nan an samu katalis, wato abin da ke sa haɗin ya tafi. Alumina wata farar hoda ce mai cike da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, aikinta ta riƙe ƙarfen a baje don kada ya dunƙule. Tabarma ce, ƙarfen ne mai aikin. Haka aka koya mini, haka nake koya wa 'yan aji ɗaya. Katalis ɗina yana ba da casa'in da uku. An buga a mujalla, sunana a gaba, na Farfesa a baya.

Makon jiya mai jarrabawa na waje ya dawo da kundin. A shafi na tamanin da huɗu ya rubuta da jan biro: "Ina sakamakon alumina ita kaɗai, ba ƙarfe?" Na ja tsaki. Na ce aikin yini ɗaya ne, in cike layi guda a tebur da sifili in huta. Da safe na ɗora gwajin, da la'asar na saka a injin awo. Allura ta tono garma.

Talata, 4 ga wata, 7:25 na safe

Kuskure ne. Ko kwalbar ba ta wanku ba, ko na ɗauko hodar da ke da ƙarfe ban lura ba. Yau zan ɗora uku, duk da sabbin kwalabe da na ɓare daga kwali da hannuna.

Talata, 3:55 na yamma

Casa'in. Casa'in da biyu. Tamanin da tara.

Na wanke hannuna sau huɗu, ban san dalili ba.

Laraba, 5 ga wata, 10:15 na safe

Na yi rabin awa ina kallon Kaka.

Kaka ita ce babbar kwalbar alumina, mai ruwan ƙasa, a saman kantar da ke kusa da tanda. Ɗalibai suka sa mata sunan don ta girmi kowa a ɗakin gwaji. Takardar jikinta ta yi ja har ba a karanta ta. Kowa daga ita yake ɗiba, na tace samfur, na busar da ruwan sinadari, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba. Mukan yi wasa mu ce da albarka a cikinta.

Albarkar kuwa Baba Mai Tanda ne. Shekara talatin da huɗu yana ma'aikacin ɗakin nan, saura masa mako biyar da 'yan kwanaki ya yi ritaya. Ba mai taɓa tanda sai shi, daga nan sunan ya samo asali. Idan aka yi odar kaya a sashen nan sai a shekara biyu ba su zo ba, don haka Baba ba ya zubar da alumina. Duk wadda aka gama amfani da ita sai ya tara, ya wanke, ya busar, ya gasa awa huɗu a zafi ɗari biyar, ya tankaɗe, ya mayar cikin Kaka. Kowa ya sani. Irin sanin nan ne da mutum ke yi ya ajiye a bayan kansa.

Duk katalis ɗin da na yi a shekara huɗu, daga Kaka na ɗebi tabarmarsa.

Laraba, 1:30 na rana

Umma ta kira. "Dakta, kin ci abinci?" Tun da aka sa ranar kare kundin ta daina kiran sunana. Na ce na ci.

Alhamis, 6 ga wata, 9:00 na safe

Na faɗa wa Doguwa, abokiyar bencina. Ba don na so ba, ta same ni ne ina riƙe da takardar injin a juye.

Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Ke, wannan fa babu ƙarfe kika ce?"

"Babu."

"To wa ke aikin?"

"In na sani zan tsaya nan ina kallonki?"

Ba ta yi mini dariya ba, ita da ba ta barin ko ta kwana. Ta hau sama wurin malaminta ta roƙo mini sabuwar alumina daga gwangwanin da aka buɗe watan jiya. Cokali ɗaya aka ba ta, a ƙulle a 'yar leda. Na jiƙa ta duka da ruwan ƙarfena. Gobe za ta bushe, a gasa, Litinin in gwada. Idan ƙarfena na aiki, zai yi a kan kowace tabarma.

Juma'a, 7 ga wata, 11:40 na safe

Dole na kai wa Baba ya gasa mini. Ya karɓi kaskon, ya ɗaga shi wajen taga, ya murza hodar da ɗan cokali.

"Malama Gaggawa, wannan ba ta Kaka ba ce."

Sunan da yake kirana ke nan tun shekarar farko, don ba na iya tafiya a ɗakin gwaji sai da sassarfa. Na ce ta sama ce, ina kwatantawa ne kawai. Takardun awon nan huɗu suna baje a bencina, na manta ban kife su ba. Ya sa tabarau ya duba. Baba bai yi jami'a ba, amma ya ga irin takardun nan fiye da duk farfesoshin ginin a haɗe. Ya daɗe a kan inda na rubuta "alumina kaɗai".

Ya dube ni. Ni kuma na dubi tanda.

Ya juya ya buɗe tandar. Ya saka kaskon, ya rufe, ya murɗa lamba, ya rubuta lokaci a littafinsa kamar kullum. Da ma ya yi magana. Da ma ya zage ni.

Asabar, 8 ga wata, 5:20 na yamma

Littattafan gwajina goma sha ɗaya ne. Goma suna kan teburin ɗaki. Na ɗaya yana ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin barguna. Ban buɗe shi ba.

Litinin, 10 ga wata, 4:30 na yamma

Ƙarfena a kan sabuwar alumina: uku.

Uku cikin ɗari. Na zauna a ƙasa, a kan simintin ɗakin gwaji, da farar rigata, ni da nake yi wa yara tsawa idan sun jingina da benci. Doguwa ta kawo mini ruwa a kofin shayinta. Na riƙe shi har ya daina sanyi.

Talata, 11 ga wata, 2:15 na rana

Na je wurin Farfesa. Na'urar sanyaya ofishinsa tana ɗiga cikin bokiti, shafin farko na takardar da muka buga a mujalla yana rataye a bango cikin gilashi. Na ajiye masa sakamakon a jere. Ya bi su da yatsa har ƙarshe, ya dawo farko.

Tambayarsa ta fari ita ce, "Wa ya sani?"

Na ce Doguwa. Sannan na ce Baba ma ya gani.

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. Ya ce ba kowane tebur ne ke buƙatar kowane layi ba, kuma masu jarrabawa na waje sukan yi tambaya su manta. Na ce ranka ya daɗe, wannan da jan biro ya rubuta. Ya ce, "Haka ne," kamar wanda aka tasa daga barci. Daga nan ya ce in ɗebo cokali biyu daga Kaka a aika wani ɗakin awo a ga abin da ke ciki.

Har na kai ƙofa ya ce, ba da ni yake ba, da bango: "Shekara goma sha biyu da suka wuce mun yi aikin faladiyam a kan alumina a ɗakin nan. Ɗalibai uku."

Na tsaya nan a bakin ƙofa. Sai da ya ce in rufe masa ƙofa.

Laraba, 12 ga wata, 6:10 na yamma

Na faɗa wa maigida. Malamin lissafi ne, shi ya duba mini kowane tebur a kundin nan, da jan biro shi ma. Yana gyara wa 'yarmu igiyar jakar makaranta na faɗa masa, don kada in ga fuskarsa.

Ya ce, "Tsaya in gane. Wani ɗan faladiyam na tsohon aiki ya maƙale a hodar, wanki da gashi ba su fitar da shi ba, shi ke yin aikin, ƙarfenki na karɓar yabo?"

"Haka ake zato."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan."

Na yi dariya. Dariyar ta ƙi tsayawa har ta koma wani abu, yarinyar ta fito tana tambaya me aka yi wa Mama. Ya ce mata albasa ce. Daga baya ya ce mini, a hankali, "Lissafin dai daidai yake, na rantse." Na ce na sani. Abin da ya fi ciwo ke nan, ba lamba ɗaya ta ƙarya a kundin. Duk abin da na rubuta na gani da idona.

Alhamis, 13 ga wata, 8:05 na safe

Ban buɗe littafi na ɗaya ba.

Litinin, 17 ga wata, 12:45 na rana

Sakamakon awo ya dawo. Faladiyam, kashi arba'in cikin miliyan. Ko ƙwayar gishiri a buhun shinkafa ta fi shi a ido, amma ya isa. Ya ishi shekara huɗu na rayuwata.

Farfesa ya kai wa shugaban sashe. An kafa kwamiti. An ɗaga ranar kare kundin "har sai an ji daga gare su". An zo an naɗe Kaka da salatif an sa hannu a kai, an kulle ta a kabad kamar ɓarauniya.

Talata, 18 ga wata, 10:30 na safe

An karɓe makullan Baba.

A gabanmu aka yi. Sakataren sashe ya miƙa masa ambulan, ya ce a ba shi makullin ɗaki da na tanda. Baba ya kwance su daga igiyar da yake ɗaure su a ƙugu, ya daɗe yana fama da ƙullin, ba wanda ya iya taimaka masa. Ya ce wa sakataren, "Tana kan zafi ɗari uku, kada a buɗe ta sai gobe, kaskon zai fashe." Ya cire farar rigarsa mai ƙonannen aljihu ya rataye a ƙusarta, ya fita.

Doguwa ta ga kwafin takardar. Wai ya gurɓata kayan aikin sashe ba da izini ba, ya jawo wa jami'a abin kunya. Idan kwamiti ya tabbatar, kora ce, ba ritaya ba. Saura masa kwana ashirin da huɗu.

Ba da izini ba. Wa bai ɗiba daga Kaka ba? Wane farfesa ne bai ce "Allah ya yi maka albarka, Baba" ba duk lokacin da oda ta ƙi zuwa?

Laraba, 19 ga wata, 3:00 na yamma

Farfesa ya ba ni takarda in sa hannu kafin zaman kwamiti ranar Laraba mai zuwa. Shafi ɗaya ce. Ya ce da ita za a janye abin da muka buga a matsayin matsalar kayan aiki, a ƙara mini shekara, in gyara kundin, ba abin da zai taɓa sunana. Ya ce yana yi ne don ni, kuma ina jin har ransa ya yarda da haka.

Layi na uku: "Ba a taɓa sanar da ni cewa alumina da na yi amfani da ita an taɓa aiki da ita a baya ba."

Na ce zan karanta a gida. Ya ce, "Me za ki karanta? Layi bakwai ne."

Alhamis, 20 ga wata, 7:15 na safe

Layi na uku.

Alhamis, 5:40 na yamma

Umma ta zo da yadin da ta zaɓa na walima, shuɗi mai ganye. Ta shimfiɗa a kan kujera ta ce in taɓa in ji. Na ce Umma an ɗaga. Ta ce, "An ɗaga ko an fasa?" Na ce ban sani ba tukuna. Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yarinya idan na fasa kofi na tura ɓaraguzan ƙarƙashin gado.

"Ke kika yi laifin ko wani?"

Na ce abin da tsawo, sinadarai ne, ba za ta gane ba. Ta ce, "Ban tambaye ki sinadarai ba." Ta ninke yadin ta mayar a leda, amma ta bar shi a kan kujerar.

Asabar, 22 ga wata, 11:00 na safe

Na je gidan Baba. Ban taɓa zuwa ba a shekara huɗu, sai da na tambayi masinjan sashe kwatance. Na same shi a ƙofar gida yana gyara murfin tukunyar matarsa da filaya. Ya rame a kwana huɗu. Matar ta kawo mini kujera, ta gaishe ni a taƙaice ta koma ciki, ta bar labule yana rawa.

Shi ya fara magana. Ya tambaya ko an bar tanda ta huce. Ya tambaya ko Doguwa na tunawa ta rufe fanfon gas. Sannan ya ce ya ji an ba ni takarda.

"Ki sa hannu, 'yata."

Na ce Baba, ka san abin da ke ciki?

"Na sani. Ni na gama nawa, ke yanzu za ki fara. Kuma gaskiya ce ai, ni na wanke, ni na gasa, ni na mayar. Na ɗauka wuta na cin komai, ashe ba ta cin wannan."

Na ce, "Amma Baba, ranar nan, a shekarar farko..."

Ya ɗaga filayar ya tsayar da ni. "Wace rana? Ni tsoho ne, abin da na ci jiya ma ba na tunawa."

Mutumin da zai faɗa maka a wane wata na wace shekara aka canza wayar tanda. Ya dube ni cikin ido ya yi mini ƙarya don ya rufa mini asiri, ni kuma na zauna a kujerarsa na sha ruwansa. Da zan tafi ya raka ni har bakin titi, ya ce in daina sauri, mota ba ta san Dakta ba. Kunya ce ta kawo ni gida, ban san ta wace hanya na biyo ba.

Lahadi, 23 ga wata, 9:20 na safe

Na sauke barguna. Na zauna kusa da akwatin. Na mayar da barguna.

Litinin, 24 ga wata, 6:45 na safe

Na buɗe.

Shafi na goma sha ɗaya, mako na uku da fara aikina. Sabuwar alumina ta ƙare a lokacin, an ce oda sai bayan wata takwas, ni kuma ina so in nuna wa Farfesa sakamako kafin ya yi tafiya. Na ɗauko Kaka. Baba ya tare ni ya yi mini magana, ina ta auna hoda ban ɗago ba. Da ya ga ba na ji, sai ya ciro fensirin da ke bayan kunnensa ya rubuta a gefen shafin, da manyan baƙaƙensa masu karkata:

"Wannan ta wanki ce, ta sha yawo. In za a ɗora mata ƙarfe a fara gwada ta ita kaɗai."

A ƙasa, da shuɗin biro, rubutuna: "Tabarma ce kawai. Ba lokaci." Har da kwanan wata. Har na zana 'yar fuska tana murmushi.

Ban manta ba. Ina so in rubuta wannan a fili, ko sau ɗaya. Tun ranar Litinin ɗin farko, tun kafin injin ya gama fitar da takarda, na ga fensirin nan a idona. Kuma bayan wata takwas oda ta zo, sabuwar alumina ta iso, na ce a ba wasu, ni ba zan canza abin da ke ba ni casa'in da uku ba.

Maigida ya shigo neman safarsa ya same ni a ƙasa. Na miƙa masa. Ya karanta, ya zauna a bakin gado da safa ɗaya a hannu.

"Wa ya san da wannan shafin?"

Na ce tambayar Farfesa ke nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri." Can ya ce, "In kin kai, me zai faru?" Na ce za su ce sakaci ne, za su iya soke rajistata gaba ɗaya. Ya ce in ban kai ba fa? Na ce za a kori Baba. Ya juya safar nan ya sake juyawa, ya ce shi dai lissafi ya iya, kuma wannan ba ya buƙatar malami.

Talata, 25 ga wata, 1:10 na rana

Fensir ne. Abin gogewa yana cikin jakar 'yata. Na yi wannan tunanin, kuma na daɗe a cikinsa fiye da yadda zan so a sani.

Laraba, 26 ga wata, 4:50 na yamma

Mutum biyar a bayan dogon tebur, da kwalaben ruwa a gabansu. Baba a kujerar gefe, cikin kayan da na tabbata na zuwa ɗaurin aure ne. Shugaban kwamiti ya ce sun ji ina da rubutaccen bayani. Na ce ina da shi, amma ba wanda suke jira ba. Na ajiye littafin a buɗe.

Aka miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Wata farfesa mai furfura ta karanta da ƙarfi, na Baba da nawa, har "ba lokaci". Ta tambaya, "Wannan zanen fa?" Na ce murmushi ne. Ba wanda ya yi.

Suka tambayi Baba ko rubutunsa ne. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ya yi kama." Na ce Baba, don Allah. Sai ya ce, "Nawa ne." Muryarsa ta yi ƙasa kamar shi aka kama.

Sun tambaye ni abubuwa da yawa. Na amsa. Na kuma ce kowa a sashen ya san yadda ake cika Kaka, har da masu zama a wancan gefen teburin, ko da yake ba a tambaye ni wannan ba.

Ba zan rubuta abin da Farfesa ya ce mini a kan matakala ba.

Juma'a, 28 ga wata, 10:00 na safe

Da yanzu ina tsaye a gaban masu jarrabawa da sabon mayafi, ina kare kundina. Ina wanke labule.

Talata, 2 ga sabon wata, 2:30 na rana

An janye takardar daga mujalla. An sauke gilashin daga bangon ofis, Doguwa ta ce ƙusar na nan. Game da ni, "za a sanar". Mutane sun koyi duba wayarsu idan na tunkaro a baranda.

Umma ta kira. Sunana ta kira, na gaske, wanda ta sa mini. Ta ce yadin ba ya ruɓewa.

Alhamis, 4 ga wata, 9:40 na safe

An mayar wa Baba makullansa. Takardar gargaɗi aka ba shi, layi biyu, kuma zai yi ritayarsa ranar sha biyu. Ya shigo ya sa rigarsa, ya shafa saman tanda da tafin hannu ya dubi ƙurar, ya yi tsaki. Bai yi mini godiya ba, kuma na ji daɗin haka.

Litinin, 8 ga wata, 11:20 na safe

Ba a hana ni shiga ɗakin gwaji ba tukuna, don haka ina zuwa in kwashe kayana a hankali. Baba ya same ni ina naɗe kwalabe da jarida. Ya ɗauki takardar awon nan ta ƙarfena a kan sabuwar alumina, ya riƙe ta nesa da fuskarsa.

"Uku," ya ce.

Na ce eh, Baba, uku, abin da ya rage mini ke nan, wato babu.

"Ita sabuwar, kin gwada ta ita kaɗai?"

Na buɗe baki na rufe. Cokali ɗaya aka ba ni, na jiƙa shi duka da ƙarfe. Ko a tsakiyar wannan masifar, ko bayan casa'in da ɗaya, na sake yin abin. Ban ma lura ba sai da ya faɗa.

Ya girgiza kai. "Malama Gaggawa." Ya hau sama da kansa, da gwiwar nan tasa, ya dawo da cokali biyu a leda. Ya ce ɗaya a bar shi fari, ɗaya a ɗora ƙarfe, a yi su rana ɗaya, a sabbin kwalabe, kuma shi zai tsaya a kaina. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya miƙo mini. Na ɗauko sabon littafi.

Alhamis, 11 ga wata, 4:05 na yamma

Gobe Baba zai tafi. Har yanzu ba a sanar da ni komai ba.

Mai ƙarfe: uku, kamar wancan karon.

Muka tsaya ni da shi muna jiran injin ya fitar da ta biyun. Layin ya miƙe sumul daga farko har ƙarshe, ba ko ɗan tudu. Alumina ita kaɗai: sifili.

Baba ya sa tabarau ya bi layin da yatsa, ya cire. Ya ce, "To. Ukun nan naki ne."

Na rubuta a shafi na ɗaya. Sai da na sake sifilin sau biyu kafin ya rufe.